Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Legas kan masu tallan "sola 5kVA mai ɗaukar komai"

Assalamu alaikum. Jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, a yi hattara da wasu masu tallan sola da suka cika Facebook da WhatsApp. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sannan aka ƙara kuɗin wutar Band A (rukunin da ya fi samun wuta) zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya koma neman sola, su kuma macuta suka samu kasuwa.

Tallan nasu kusan iri ɗaya ne. Za su ce inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida) 5kVA, batir huɗu, farantin sola huɗu, zai ɗauki firiza, esi, dutsen guga da injin jan ruwa dare da rana, ka biya kashi 70 cikin 100 kafin a kawo kaya. Wani maƙwabcinmu mai sayar da lemo da ƙanƙara ya faɗa hannunsu. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare inbata ya fara kuka, da asuba ƙanƙara ta zama ruwa, lambar mai haɗawar kuma a kashe.

Inda cutar take shi ne lambar nan ta 5kVA. Inbata ba ya samar da wuta. Kamar bakin famfo yake, faɗinsa na nuna ruwan da zai iya wucewa a lokaci guda, amma in tanki babu ruwa faɗin bai amfana maka komai ba. Faranti ne ke kawo wuta, batir ne ke ajiye ta, kuma a nan biyun suke yi maka ƙwange.

A yi lissafi. Faranti huɗu masu wat 300 sun zama wat 1,200. Ranar Legas ba irin ta Kano ko Sakkwato ba ce, ƙarfinta a yini bai fi na awa huɗu zuwa biyar ba, a Yuni da Yuli da hadari ke rufe sama ma ba ya kai haka. In ka cire abin da zafi, ƙura da wayoyi ke ci, abin da zai rage wajen yunit huɗu ne a yini. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin fiye da yunit guda a awa. To ina na firiza, ina na fanka?

Batir kuma, guda mai 200Ah da bolt 12 yana riƙe yunit 2.4, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake so a ci in ana son ya yi ƙarko. Batir huɗu ke nan yunit 4.8 za a iya ci. Farantan da ba su ishi gida da rana ba, yaushe za su cika wannan? Batirin da kullum yake kwana ba a cike ba yana mutuwa da wuri, in ka koma da ƙorafi a ce kai ne ka yi masa lodi.

Wasunsu takardar bayan faranti suke sauyawa, su manna wat 550 a kan ƙarami. Farantin wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, don haka je da tef ɗinka. Batirin ruwa mai 200Ah kuwa mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi.

Akwai kuma waɗanda ke bi ta ɗaya gefen, musamman in sun ga Alhaji da hali. Su cika maka rufi da faranti ashirin, wai rarar wutar za ka sayar wa NEPA. Mitar katin da ke gidanka ba ta biyan kowa, kuma ba a tura wuta kan layin Ikeja Electric ko Eko haka kawai ba tare da yarjejeniya da mita ta musamman ba. Gidan da kowa ya fita kasuwa tun safe, da zarar batir ya cika farantan zaman banza suke yi. Wutar da ka ci a gidanka ita kaɗai ce ke rage maka kuɗi. Shi ya sa mai shagon ɗinki ko firiza, da aikinsa yake da rana, ya fi mai gidan da sai dare ake kunna kaya cin moriyar faranti.

Mai haɗa sola na ƙwarai tambaya yake fara yi: yunit nawa kake saye a wata, me kake kunnawa, ƙarfe nawa? Wanda ya yanka maka farashi bai tambaya ba, rabu da shi. A rubuta maka wat ɗin kowane faranti, girman batir da garanti a rasit mai adireshin shago, ka je shagon da ƙafarka, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum daban. Cikon kuɗi sai an kwana ana gwaji.

Wanda aka riga aka cuta ya tattara rasit, shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, wato LASCOPA ta jihar Legas ko FCCPC ta tarayya, ya kuma sanar da Sarkin Hausawan unguwarsu domin a faɗa wa jama'a a masallaci.