PPR ko fayif ɗin ƙarfe don ruwan zafi a sanyin Jos

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne ya fi dacewa da layin hitar ruwa a sanyin Jos, fayif ɗin ƙarfe ko PPR, wato fayif ɗin roba da ake narkar da bakinsa a haɗa. Ɗauki PPR kawai. Duka biyun na yi amfani da su a gida ɗaya, a nan Anguwan Rogo.

Da muka tare, na ƙarfe muka tarar, an jawo shi ta bayan ɗaki, iskar hunturu tana dukansa dare da rana. A muku-mukun sanyin Disamba da Janairu sai na cika bokiti da ruwa mai kamar ƙanƙara kafin mai ɗumi ya iso, shi ma ya iso a gajiye. Da na canza zuwa PPR na naɗe shi da soson da ke hana zafi fita, washegari da asuba Hajiyarmu, wadda sanyi ke tayar mata da ciwon gwiwa, ta fito daga alwala hannunta yana turiri, tana ta sa min albarka. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji daɗi a raina.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zafi ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana ratsa jikin fayif ya bi inda ya fi sanyi. Ruwan hita yana wajen digiri 60, asubar Jos kuma takan sauko kusa da digiri 10, ka ga tazarar 50 ke nan tana jan zafin waje ba tsayawa. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin wucewar zafi, ƙarfe yana wajen 50, PPR kuwa 0.24 ne, wato ƙarfe ya ninka shi kusan sau 200. Shi ya sa na ƙarfe ke ƙona hannu idan ka taɓa, wutar da ka biya ce take fita ta nan.

Amma kada wani ya ce maka asarar za ta ragu sau 200, ba haka ba ne. Jikin PPR siriri ne, tsirara shi ma yana zubar da zafi. Babban aikin soso ne ke yi, wannan baƙin da masu gyaran AC ke sa wa bututunsu. Nasa ma'aunin wajen 0.04 ne, saboda iskar da ke maƙale a ƙananan ramukansa, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi da sauri. Ka sa a rufe har gwiwoyi da mahaɗai, kuma kada ruwan sama ya jiƙa shi, jiƙaƙƙen soso ba ya tare komai. Inda rana ke bugawa a rufe da kyau, don rana tana cinye PPR da soson duka. Sannan a matso da hita kusa da banɗaki, domin ruwan da ya kwana a dogon layi dole ya huce ko da me ka naɗe shi.

Na ƙarfe dai yana da ƙarfin jure duka, iyakar abin da zan ce ke nan. Nawa tsatsa ta cinye cikinsa har ruwa yana fitowa ja.

Ka yi hattara a kasuwa, don ni an taɓa cuta ta. Wani mai shago ya ba ni na ruwan sanyi a kan kuɗin na zafi, da jan layinsa a jiki. Kada ka tsaya ga launi ko rubutu, ka duba kaurin bakin fayif ɗin. Mai faɗin milimita 20, idan PN20 ne na gaske (PN lamba ce da ke nuna matsin ruwan da fayif zai iya jurewa), kaurin jikinsa milimita 3.4 ne, PN10 kuwa 1.9 ne, da ido ma za ka ga bambanci idan ka jera su. Duk wanda ya ce maka PVC na ruwan sanyi zai ɗauki ruwan hita, bar masa shagonsa, laushi zai yi ya saki a mahaɗa.

Ka sayi PN20, ka haɗa da soso mai kauri. Ranar aiki kuma ka tsaya a kan mai haɗawa, domin idan ya bar fayif ya daɗe a injin narkarwa, bakin yakan toshe ta ciki, ruwa ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. A buɗe ruwa a gwada kowace mahaɗa kafin a shafe bango da siminti.