Igiyar wutsiya ta BioThane: tana riƙe sirdi a gangara, amma akwai sharaɗi

Mai horar da doki don tseren dogon zango ya san gangara ta fi hawa haɗari. Da doki ya karkata ƙasa sai sirdi ya zame ya hau kafaɗunsa, ya takura masa taku, nauyin mahayi kuma ya koma kan ƙafafun gaba, waɗanda dama ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Maganin wannan zamewa shi ne igiyar da ake ɗaurawa a bayan sirdi ta zagaye gindin wutsiya. Ɗan ƙirji, wato maɗaurin da ke zagaye ƙirjin doki, ba ya wannan aiki, nasa na hawa tudu ne.

Wadda muke dubawa ita ce ta BioThane, wato saƙaƙƙen zaren roba da aka lulluɓe da wata robar mai laushi, ƙirar wani kamfani na jihar Ohio a Amurka. Masu haɗa kayan doki da dama suna ɗinka igiyar da shi. Ba ta shan gumi, ba ta tsagewa da hunturu kamar fatar da ba a shafa wa mai ba, kuma ruwa da sabulu sun isa wankinta. A nan ta yi wa fata nisa.

Inda za a sa ido shi ne madaukin da ke shiga ƙarƙashin wutsiya, domin fatar wurin ba gashi, ga ta da laushi. Madauki mai kyau kewayayye ne, mai santsi, ba ɗinki a cikinsa. Na fata da aka cusa wa 'ya'yan wani tsiro mai mai da ake kira flax ya fi kowane taushi, saboda man da ke fitowa daga 'ya'yan. Na roba mai kaifin gefe, idan gumi da yashi suka haɗu, yakan goge wurin har ya yi gyambo a fita ɗaya. Wanda ya samu jiki na BioThane da madauki na fata, shi ya yi sayayya.

Wajen ɗaurawa, doki na tsaye a wuri mai daidai, a ɗaga wutsiya, a tura madaukin har gindi, a zare duk gashin da ya maƙale. A bar sarari kamar yatsu 3 zuwa 4 tsakanin igiyar da kuturin doki. Ta yi tsauri, doki zai matse wutsiya ya yi ta harbi. Ta yi sako-sako, sirdi ya riga ya isa kafaɗa kafin ta kama. Dokin da bai saba ba a fara zagaya shi da doguwar igiya babu mahayi, na 'yan kwanaki. A kuma duba ko sirdin yana da zoben ƙarfe a baya, don ba kowane ke da shi ba.

Aibinta ɗaya babba: ba ta tsinkewa da sauƙi. Idan ta sarƙe da reshe, zoben sirdi ko wutsiyar ce za ta ji jiki, don haka a haɗa ta da ɗan guntun fata da zai iya katsewa.

Kuma kada mai saye ya ɗauka ta ba shi izinin sassarfa a gangara. Sirdi take riƙewa, jijiyoyin ƙafa suna nan suna shan dukan. Ƙarfin zuciya da huhu a hawa ake gina shi. Saukowa da gudu ba ya ƙara wani abin kirki sai kumburin agara. A sauko da tafiya, a miƙe sosai ba a karkace ba, mahayi zaune da bayansa a miƙe, linzami da ɗan sassauci don doki ya daidaita kansa da wuya. A gasar Tevis ta Kalifoniya, mai mil 100 da aka fara a 1955, mahaya da yawa sauka suke yi su ja dokinsu a manyan kwazazzabai.

Ga dokin da ke da faɗin baya da ƙaramin doro, sayen wannan igiya wajibi ne. Idan kuwa sirdi yana zamewa ko a fili, sirdin za a sauya.