Bulon siminti ko jan bulo: wanne za a zaɓa a Gombe?

Masu shirin gini suna yawan yi mini wannan tambaya. Bulon siminti ko'ina akwai shi, ga masana'antar siminti ta Ashaka a Funakaye, kuma kowane magini ya iya ɗora shi. Sai dai farashinsa yana bin na buhun siminti. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cika yashi wajen bugawa, bango ya tsage tun kafin a tare.

Jan bulo, na gasasshiyar ƙasa, ya fi riƙe sanyin ɗaki da bazara, kuma ba dole sai an yi masa filasta ba. Amma gwanayen ɗora shi kaɗan ne, ga kuɗin dako.

Mai gini kaɗan-kaɗan, gwargwadon samu, bulon siminti ya fi masa sauƙi. Mai gina gidan zamansa da ya samu gwanin magini, ya duba jan bulo.