Karatun share fage a Hawayi: kyauta ne, in ka sami gurbi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambayar ko gaskiya ne gwamnati ke biya wa yara 'yan shekara uku da huɗu kuɗin makaranta a nan jihar Hawayi ta Amurka, amsar ita ce eh, amma ba kowane yaro ba tukuna.

Karatun dole yana farawa ne daga ajin kindagatin, ga yaron da ya cika shekara 5 zuwa ranar 31 ga Yuli. Abin da ke ƙasa da haka ya daɗe a wuyan iyaye, kuma makarantar kuɗi a Honolulu takan ci dala dubu ko fiye a wata kan yaro guda. A 2012 jihar ta kafa ofishin kula da ilimin ƙananan yara, EOEL, wanda ya buɗe azuzuwan kyauta cikin firamaren gwamnati a 2014. Dokar 2020 ta sa wa'adi: zuwa 2032 a samar wa duk ɗan shekara uku da huɗu gurbi. A 2022 majalisa ta ware dala miliyan 200 don gina azuzuwa da gyara tsofaffi, sannan a 2023 mataimakiyar gwamna Sylvia Luke ta ƙaddamar da shirin Ready Keiki mai burin sababbin azuzuwa 465.

Ajin gwamnati ba ya wuce yara 20, da malama ɗaya da mataimakiya. Wanda ya saba ganin ajin share fage a firamarenmu, yara cunkus kan tabarma ko ƙasa tsura, zai yi mamaki. Sai dai ba wanda ya riga zuwa ake fara ɗauka ba. Ana fifita yaran da ba su da matsuguni, da waɗanda ke hannun riƙon hukuma, da masu buƙata ta musamman, da waɗanda ba Turanci ake yi a gidansu ba, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Ɗan Bahaushe da ke jin Hausa a gida yana shiga wannan sahu, don haka kada a ɓoye harshen gida wajen cike takarda. A tanadi takardar haihuwa, da katin rigakafi, da sakamakon duba lafiyar yaro, da shaidar ba ya ɗauke da tarin fuka. Wannan ta ƙarshe ita ke yawan tsayar da sababbin zuwa, domin ba a barin yaro ya shiga aji sai da ita.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce lokacin tashi. Ajin yana bin jadawalin firamare, a tashi wajen ƙarfe biyu na rana, a kuma tafi dogon hutun bazara. Uwar da ke aikin otal ko asibiti har yamma ba ta da kaka ko maƙwabciya da za ta aika ta ɗauko yaro kamar a gida. Da yawa sukan haƙura da na kyauta su nemi tallafin Preschool Open Doors, inda ma'aikatar jin daɗin jama'a ke biyan wani kaso na kuɗin makaranta mai lasisi gwargwadon samun iyali. Akwai kuma Head Start na gwamnatin tarayya don matalauta.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne makarantun harshen Hawayi. A 1896 aka yi dokar da ta mayar da Turanci harshen koyarwa, aka riƙa hukunta yara kan yin harshen iyayensu. Ko da aka amince da shi a matsayin harshen hukuma a 1978, masu jinsa yawanci tsofaffi ne, sai mutanen ƙaramin tsibirin Niihau. A 1983 wasu malamai da iyaye suka kafa ƙungiyar Aha Punana Leo, suna koyi da Maori, 'yan asalin ƙasar New Zealand, suka buɗe makaranta ta farko a Kekaha da ke tsibirin Kauai a 1984. Tsarinsu ba sassauci: daga shigowa har tashi ba a yi wa yaro Turanci. Su ma iyaye ba a ƙyale su ba, ana buƙatar su halarci darasin harshen, su kuma ba da sa'o'in aikin gayya a makaranta. Dalili a fili yake: harshen da yaro ke bari a bakin ƙofar aji ba ya zama. A 1986 aka ɗage haramcin, a 1987 aka buɗe azuzuwan Kaiapuni, masu koyarwa da harshen Hawayi, a firamaren gwamnati a Waiau da Keaukaha don yaran su ci gaba.

Kuɗin gwamnati kuwa ba ya isa ga makarantun Punana Leo kai tsaye cikin sauƙi, domin masu zaman kansu ne. Tsarin mulkin jihar ya hana ba makarantu masu zaman kansu dukiyar jama'a, kuma a 2014 masu zaɓe suka ƙi amincewa a sassauta wannan don makarantun ƙananan yara. Shi ya sa ake bi ta hannun iyaye da tallafi, ko ta gidauniyar Kamehameha da ke fifita 'yan asalin Hawayi.

Gini ma shi ne mai sauƙi, samun malamai ne da wuya. Malamar ajin gwamnati sai mai digiri da lasisin koyarwa, ga tsadar haya da ke korar matasa zuwa sauran jihohi. Mai digirin da kuma ke jin harshen Hawayi sosai ta fi wuyar samu, ko da yake jami'ar jihar a Hilo tana da kwaleji sukutum da ke horar da su. A gida muna da akasin haka: malamai masu Hausa a baki birjik, amma akwai makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa, iyaye kuma na biya da murna.

Mai shirin tahowa da ƙananan yara ya nemi gurbi tun watannin farkon shekara, domin karatu na farawa ne a farkon Agusta, ya kuma cike takarda a wuri fiye da ɗaya.