Bitar kayan gyaran tankin mai na POR-15

Jarkar ƙarfe da tankin babur sukan fara tsatsa ne daga ƙasa, domin ruwa ya fi fetur nauyi, duk raɓar da ta shiga sai ta kwanta a gindi tana cin ƙarfen, fetur mai haɗe da itanol (wani sinadari nau'in barasa) kuwa ya fi kowanne janyo laima. Saboda wannan matsala aka tanadi kayan POR-15, waɗanda ake yi a Amurka, kuma kashi uku ne: ruwan wanke maiko, ruwan asid mai cin tsatsa, da fentin da ke rufe cikin tankin.

Na biyun ne ya fi burge ni. Bayan ya cinye tsatsar, yakan bar ƙarfen da ɗan kaushi da wani siririn rufi na sinadarin zinki da fosfet, wanda fentin ke kamawa da kyau. Sai dai ba ya ɗaga ɓawon tsatsa mai kauri, don haka wajibi ne a fara zuba noti ko guntun sarƙa a girgiza jarkar sosai.

Inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace shi ne wajen busarwa. Laimar iska ce ke sandarar da wannan fenti, saboda haka ɗigon ruwa guda da ya maƙale a haɗin walda ya isa ya sa shi kumfa, daga baya ya saɓule ya toshe filta da kafireto. Dole a hura iska mai ɗumi har ciki ya bushe ƙayau, sannan a zuba fentin, a jujjuya jarkar ta kowane gefe, a tsiyaye ragowar, a jira awa 96 kafin a zuba mai. Wanda aka yi wa haka yakan fito da rufi mai tauri, launin azurfa, wanda fetur da dizal ba sa narkarwa.

Fentin yana toshe huji ƙanana kamar na allura, amma ba ya mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye. Jarkar da gindinta ke lotsewa idan an danna, sabuwa ta fi dacewa. Ragowar fentin ba ya ajiyuwa bayan an buɗe gwangwanin, yana kuma manne wa fata, saboda haka a sa safar hannu, a yi aikin a sarari nesa da wuta, domin tururin fetur ɗin da ya rage a jarka yana iya fashewa.