Gargaɗi: mai tallar "ruwan azurfa" na yawo a Zariya

Naira dubu 48, jama'a. Dubu 48, kuɗin da mutanen layinmu a Tudun Wada suka haɗa ɗari biyar-biyar don tankin burtsatsen masallaci, sun tafi a kan kwalba huɗu na "ruwan azurfa" da wani faifan ƙarfe da wani mutum ya sayar mana, wai suna tsabtace ruwan sha. Kwalba dubu bakwai-bakwai, faifai dubu 20.

Kada wani ya ce min wauta ce. Rabin maganar mutumin gaskiya ce, da ita ya yaudare mu. Azurfa tana kashe ƙwayoyin bakteriya, ba musu. Man ƙuna da ake shafawa a asibiti da azurfa a cikinsa. Tukunyar tace ruwa ta yumɓu ma ana shafa mata, sai dai ita ƙananan ramukan yumɓun ne ke babban aikin, ruwa na ɗiga lita ɗaya zuwa uku a awa. Duk wanda ya san wannan zai gyaɗa kai, kuma an gyaɗa.

Abin da ya ƙi fita daga raina fitilar lesa da ya zo da ita ce. Ya ɗaga kwalba, ya haska jan lesa, layin haske ya ratsa ruwan, ya ce, "Alhaji, ga azurfar nan da idonka." Ga azurfar nan da idonka! Ɗigon madara ko ɗan koko a kofin ruwa zai nuna wannan layin sak. Lesa ba ta bambance azurfa da gari. 

Ga lissafin da ya kamata a yi a gabansa. An rubuta 10 ppm (miligiram 10 a kowace lita) a jikin kwalbar, rabin lita ce, wato miligiram 5 na azurfa ke nan, in ma akwai. Tankin lita 2,000 ne. Ya ce kwalba ɗaya a mako. Raba 5 a 2,000, ka samu miligiram 0.0025 a lita, a tankin da ake cikawa kullum a kwashe kullum. Kafin a kai 0.1 a lita, iyakar da ake ganin jiki zai iya ɗauka, sai an juye kwalba 40 a cika ɗaya. Ko an kai ma, azurfa tana aiki ne a hankali, awowi, gishirin da ke cikin ruwa yana ɗaure ta ya rage mata ƙarfi, ba ta da tabbas a kan bairos da ƙwayoyin da ke da ɓawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba lamarin a 2018, ba ta amince a dogara da ita wajen tsabtace ruwan sha ba.

Faifan kuwa, na dubu 20, wai azurfa zalla. An kara masa maganaɗisun tsohuwar sifika, ya manne ɗaf. Azurfa ba ta bin maganaɗisu. Sati biyu a ruwa, gefensa ya fara jan tsatsa. Azurfa ta gaske baƙi take yi. Babu lambar NAFDAC a kwalba ko ɗaya. An ɗebi ruwan tankin a kwalbar gwaji mai takarda a ciki, kwana biyu ta yi baƙi ƙirin, alamar ƙazantar bayan gida na nan daram. Yara na sha. Dubu 48.

Mafi muni, yana ce wa mata su riƙa shan cokali safe da yamma don taifot da olsa. Azurfa taruwa take a jiki, fata ta koma shuɗi-toka-toka, kuma ba ta komawa. Tana kuma hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jini yadda ya kamata.

Wayarsa a kashe tun ranar Talata. An ce an gan shi wajen Samaru da Sabon Gari da jakar kwalabe. Hoton rasit, saƙonninsa da bidiyon maganaɗisun suna nan, zan ɗora da daddare in an kawo wuta.

Kada ku saya. Ku tafasa ruwa ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, ko ku sa kulorin yadda kwalinsa ya ce, ku jira minti 30. Wanda ya fara sha ya daina, ya je asibiti da kwalbar.