Sunayen mata na Asiya masu farawa da O: wanne za a raɗa wa jaririya?

Harafin O baƙo ne a farkon sunan Bahaushiya. In aka ji Omolara ko Obiageli ko Oyiza, an san daga gidan Yarbawa ko Ibo ko Ebira ta fito. Duk da haka akwai iyayen da ke neman suna mai O daga nahiyar Asiya, wasu don aure ya haɗa su da mutanen can, wasu don sun yi karatu a Turkiyya ko Indiya, wasu kuma sha'awa ce kawai. Matsalar ita ce jerin sunayen da ake samu a intanet a gauraye suke: sunan dangi, sunan maza, sunan kakanni, duk an zuba su wuri ɗaya. Kuma O ɗin na rubutun boko ne. Larabci da Japananci da Koriyanci da Hindi kowanne da nasa rubutun, saboda haka sai an koma asalin sunan kafin a san abin da ake shirin ɗauka.

Ga gidan Musulmi, sunayen Uzbekistan ne suka fi sauƙin karɓa, kuma su za mu sa a gaba. Ƙasar Imam Bukhari da Imam Tirmizi ce, kuma a harshensu doguwar "a" ta Larabci da Farisanci takan koma "o". Shi ya sa Oysha ita ce A'isha, Omina ita ce Amina, Osiyo kuma Asiya matar Fir'auna. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan ya samu O ɗinsa ba tare da ya bar sunan da liman da kaka suka sani ba. Sai dai a sa rai cewa dangi za su mayar da Oysha Indo ko A'i tun kafin a gama wankan jego.

Akwai kuma nasu na gargajiya, waɗanda yawancinsu aka gina a kan "oy", wato wata na sama. Oygul furen wata ne, Oynur hasken wata, Oydin daren farin wata, Oysuluv kyakkyawa kamar wata. Ozoda na nufin mai tsabta, Odina kuwa ranar Juma'a, wato daidai da Jummai a wurinmu, don haka ya fi dacewa da yarinyar da aka haifa ranar. Duk gaɓa biyu ko uku ne, bakin Bahaushe zai iya da su. Abu ɗaya za a kula da shi: a haruffan boko da ƙasar ta koma wa tun 1993, O daban, O' mai ɗan waƙafi a kafaɗa daban. Sunan O'g'iloy yana ƙarƙashin na biyun, kuma daga kalmar "ɗa namiji" aka samo shi; ana sa wa yarinyar da iyayenta ke fatan namiji ya biyo bayanta. Bai kamata yarinya ta girma tana ɗauke da shaidar cewa ba ita aka so ba. Oksana da Olga kuma, ko da an gan su a can, na Yukren da Rasha ne.

Sunayen Larabawa da ake rubutawa da O ba su da wahala. Larabci ba shi da wannan harafi. Rufu'a ce a kan alif ko aini wasu ke rubutawa da O. Omaima ita ce Umaima, sunan gwaggon Annabi (SAW), Omama kuma Umama jikarsa, 'yar Nana Zainab. Omnia buri ne, Ola ɗaukaka. A Najeriya dai duk wanda ya ga Ola a takarda zai ɗauka sunan Yarbawa ne.

Na Turkiyya suna da daɗin ji, amma yawancin masu kyau da Ö mai ɗigo biyu suke farawa, sautin da babu shi a Hausa: ana zumɓura baki kamar za a ce "o" sannan a ce "e". Özlem bege ne, shi ne sunan Özlem Türeci, likitar da ke cikin waɗanda suka kafa kamfanin magunguna na BioNTech a Jamus. Özge na nufin ta daban, Öykü labari. Ɗigon nan yakan ɓace a fom ɗin kwamfuta, wani ya rubuta Ozlem, wani Oezlem, takardu su saɓa wa juna. Wanda ke da O tsantsa shi ne Oya, sunan saƙar ado da matan Turkiyya ke yi a bakin ɗankwali. Ba mu ba da shawararsa ga yarinyar da za ta tashi a Najeriya ba. A wurin Yarbawa Oya abar bauta ce da ake dangantawa da kogin Kwara, a tasha kuma "oya" ake cewa in ana gaggauta fasinja.

Mongoliya tana da sunayen mata masu O na haƙiƙa da yawa, kuma ma'anoninsu a bayyane suke. Oyuun hankali ne da basira. Sanjaasürengiin Oyuun, wadda ta yi ministar harkokin wajen ƙasar daga 2007 zuwa 2008, sunanta ke nan. Oyuunchimeg adon basira, Odgerel hasken tauraro, Otgontsetseg furen auta, don "otgon" auta ne, kuma ba a sa wa 'yar fari. Cikas ɗinsu tsawo ne da cunkoson baƙaƙe. Bahaushe zai ce Odigerel, ya kuma haɗiye ƙarshen Oyuunchimeg. Wanda ke so ya tsaya a Oyuun, gajere ne kuma cikakken suna.

A sunayen Japan ne aka fi yin kuskure. Jerin intanet cike suke da Oharu, Okiku, Ochiyo, alhali O ɗin nan ba ya cikin sunan. Ƙari ne na ladabi da ake liƙa wa sunan mace a zamanin da, musamman zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Oichi, ƙanwar jarumi Oda Nobunaga, sunanta Ichi. Okuni, wadda ake danganta wa ƙirƙiro wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, sunanta Kuni. Yau Bajapane zai ji su a matsayin sunayen kakannin kakanni, Okiku ma sunan fatalwa ce a wani sanannen labarin gargajiyarsu. Ono, Ogawa, Osaka da Okada kuwa sunayen dangi ne, ba a raɗa wa jaririya, na ƙarshen ma kowa ya san abin da ake kira da shi a titunanmu. Waɗanda ake sa wa yara yanzu su ne irin Oto, wato sauti, da Otoha. Amma ma'anar sunan Japan tana cikin harafin kanji (haruffan da Japan ta aro daga Sin) da aka rubuta shi da shi, ba a furuci ba. Otoha na iya zama sauti da gashin tsuntsu, na iya zama wani abin daban in an canja harafi. In ba a zaɓi kanji ba, sautin sunan kawai aka ɗauka, babu ma'ana tsayayyiya.

Koriya ma haka take. Oh sunan dangi ne. "Ok" dutsen ado ne mai daraja, amma Ok-ja da Ok-sun na tsofaffi ne, kuma sunaye masu ƙarewa da "ja" sun yaɗu ne lokacin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945. A Sin, Ouyang sunan dangi ne. Oanh na Biyetnam sunan tsuntsu ne mai daɗin kuka, sai dai furucinsa ya fi kusa da "Wan", don haka O ɗin a takarda kawai zai tsaya.

Na Indiya suna buƙatar tambaya ta addini. Oviya daga kalmar zane ta harshen Tamil yake, Ojasvini daga tsohon harshen Sanskrit, mai kuzari da ƙarfi. Babu matsala a ma'anarsu. Amma irin su Omkari an gina su a kan "Om", kalma mai tsarki a ibadar Hindu. Musulmi ko Kirista ya san wannan kafin ya zaɓa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya canja wa Barra suna zuwa Zainab saboda ma'ana, don haka binciken nan ba tsanani ba ne.

Tunda kwana 7 ne tsakanin haihuwa da suna, a fara aikin tun cikin wata na 8. A ware sunaye 3 kacal. A nemi kowanne a rubutunsa na asali, a tambayi mai jin harshen abu huɗu: na mace ne, na yanka ne ko na dangi, ana sa wa yara yanzu, kuma yana da alaƙa da wata bauta? Sannan a ba wata tsohuwa a gida ta faɗe shi sau uku ba tare da an gyara mata ba, domin yadda ta faɗa haka unguwa za ta faɗa. A haɗa shi da sunan uba a ji, a kuma yi tunanin yadda za a gajarta shi a makaranta. Da yawa sukan sa sunan yanka sananne, baƙon ya zo na biyu, hakan kuma na rage gardama da dangin miji. Daga nan a tsayar da rubutu ɗaya, babu ɗigo babu karan tsakiya, a rubuta wa liman shi a takarda, a kai shi haka ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa don takardar haihuwa, kada harafi ɗaya ya canja lokacin yin NIN da fasfo.